Miya Ta Samu, Tuwo Fa? Lambun Alamar da Yunwar Birnin Habana

A gabashin Habana, babban birnin Kyuba, akwai wata unguwa da ake kira Alamar. Benaye ne na kankare jere da juna, kowanne kamar ɗan'uwansa, har baƙo kan ɓata a cikinsu da rana tsaka. Tun daga shekarun 1970 aka fara gina su, kuma ma'aikatan gwamnati ne da kansu suka riƙa barin wuraren aikinsu rukuni-rukuni suna ɗora bulo don su samu wurin kwana. Mutum wajen dubu 100 ke zaune a wurin. A tsakiyar wannan tarin siminti akwai lambu mai faɗin kusan hekta 11, wato kamar filin ƙwallo 15, shar da latas da tumatir da kabeji da ganyen albasa da na'a-na'a, ga rumfar sayarwa a bakin titi inda mutanen unguwa ke zuwa da jakunkunansu tun da safe.

Sunan lambun Vivero Alamar. Kalmar farko a yaren Sifen tana nufin wurin rainon dashe, don da wannan sana'ar aka fara. A 1997 ne wani ma'aikacin ma'aikatar gona mai suna Miguel Salcines ya ajiye aikin ofis, shi da wasu mutum huɗu, suka karɓi wani kangon fili mai murabba'in mita 800. Bai cika fuloti biyu ba irin namu na ƙafa 50 a 100. Bayan shekara goma sha wani abu, masu aiki a wurin sun haura 150, amfanin da ake fitarwa ya kai kimanin tan 300 a shekara, kuma babu takin zamani ko maganin feshi na kanti a ciki. Lambun ya zama wurin da ake kai baƙi daga Turai da Amurka su ga yadda birni zai ciyar da kansa. Ni dai ina ganin labarin ya fi yadda masu yabon ke ba da shi daɗi, ya kuma fi shi ɗaci.

Ba sha'awar cin lafiyayyen abinci ce ta haifi lambun ba. Yunwa ce.

Kafin 1990, Kyuba na cikin ƙasashen da suka fi kowa amfani da tarakta da takin zamani a yankin Latin Amurka. Cinikin da ke tsakaninta da Tarayyar Sobiyet mai sauƙin fahimta ne: ita ta noma rake ta tura sukari a farashin da ya fi na kasuwar duniya, su kuma su turo man fetur, taki, maganin ƙwari, alkama da abincin dabbobi. Sukarin da take samarwa a shekara ya kai tan miliyan 8. Mafi yawan ƙasar noma na hannun manyan gonakin gwamnati, kuma fiye da rabin abin da ɗan Kyuba ke sa wa a bakinsa daga ƙetare yake zuwa. Wanda duk ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da maƙwabcin bai ɗora ba sai ya kwana da haƙuri. Gwamnatocin gabashin Turai suka zube a 1989, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a ƙarshen 1991, jiragen ruwa suka daina zuwa. Amurka kuma, wadda ta riga ta ƙaƙaba wa tsibirin takunkumi tun farkon shekarun 1960, ta ƙara ɗaure igiyar da wata doka a 1992, ta sake ƙarawa a 1996.

Shugaban ƙasar na lokacin, Fidel Kastro, ya raɗa wa wannan zamani suna "lokaci na musamman". Sunan ya fi abin kyau. Tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100 tsakanin 1989 da 1993. Man da ake shigowa da shi ya ragu da rabi, taki ya ragu da kusan kashi huɗu cikin biyar. Taraktoci suka tsaya a gona suna tsatsa, aka koma horar da shanun huɗa. Motocin haya suka yi ƙaranci har aka shigo da kekuna sama da miliyan ɗaya daga Sin. Abincin da mutum ke samu a rana ya faɗo daga kalori wajen 2,900 zuwa ƙasa da 1,900, kuma baligi ya zube da kilo 5 ko fiye, a matsakaicin lissafi. Wata cutar jijiya mai dusashe gani ta kama mutum sama da dubu 50 tsakanin 1991 da 1993, likitoci suka danganta ta da rashin sinadaran bitamin, gwamnati ta shiga raba ƙwayoyin bitamin gida-gida. Ko abin da aka noma a karkara ma, babu man da za a zuba wa mota ta kawo shi birni.

Mutanen Habana ba su jira umarni ba. Suka fara shuka a tsakar gida, a kan rufin bene, a cikin tsofaffin tayoyi da bahon wanka, a duk wani fili da aka bari ana zubar da shara. Wasu suka sa kaji da zomaye a baranda. Da ma a da can hukumar birni ba ta son ganin shukar abinci a gaban gida, ana ɗaukar abin ƙauyanci ne. Abin da gwamnati ta yi na hikima shi ne, da ta ga jama'a sun riga ta, sai ta bi bayansu maimakon ta kore su.

Matakai uku ta ɗauka a jere, kuma in babu su da babu Alamar. A watan Satumba na 1993 aka yi dokar da ta farfasa manyan gonakin gwamnati aka miƙa su ga ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata, waɗanda ake kira UBPC a taƙaice; irin wannan ƙungiya ce ke riƙe da lambun Alamar. Ƙasa tana nan ta gwamnati, amma an ba ƙungiya aronta kyauta, ba wa'adi, muddin ana nomawa. A watan Oktoba na 1994, wata biyu bayan zanga-zangar da ta ɓarke a bakin tekun Habana ranar 5 ga Agusta, aka buɗe kasuwannin amfanin gona inda manomi zai sayar da rararsa a farashin da suka daidaita da mai saye. A wannan shekarar kuma aka kafa sashen noman cikin birni a Habana, da malaman gona a kowace gunduma da ƙananan shaguna inda mai lambu zai sayi iri da kayan aiki, ya kuma nemi shawara.

Batun fili ɗin nan shi ne na fi so mai karatu ya riƙe. Duk wanda ya san lambunan Kano na bakin Jakara da Kwakwaci ya san manomanmu ba sa bukatar a koya musu noman birni, sun gaje shi kaka da kakanni. Abin da ke cin su shi ne ruwan da suke ban-ruwa da shi, wanda ya kwaso dattin gari da na masana'antu, da kuma rashin tabbas: bana kana da fangali, baɗi ka tarar an kafa harsashin shago a kai. Mutumin da bai san ko zai kai baɗi a fili ba, ba zai kashe shekara uku yana gyara ƙasarsa ba. Salcines da abokansa sun san ba mai tashinsu, shi ya sa suka iya zuba ƙarfinsu a cikin ƙasa.

Ƙasar kuwa tana bukatar gyaran. Filayen cikin Habana yawanci tsakuwa ce da ɓaraguzan gini, an danne su sun yi tauri. Dabarar da aka fito da ita ana kiranta oganoponiko, kuma sojojin ƙasar ne suka fara gwada ta a ƙarshen shekarun 1980. Maimakon a haƙa ƙasa, sai a gina fangali a samanta. A yi ɗan bango mai tsayin kamu ɗaya da ɗoriya, da bulo ko duwatsu ko tsohon kwanon rufi, duk abin da hannu ya kai gare shi. Faɗinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, don mai cire ciyawa ya tsuguna ta kowane gefe hannunsa ya kai tsakiya ba tare da ya taka shuka ba. Tsawonsa kuwa ya kan kai mita 20 zuwa 30. Sai a cika shi da haɗin ƙasa da ruɓaɓɓen taki kusan rabi da rabi: kashin shanu, dusar da ke fitowa daga matatar rake, ruɓaɓɓen ganye. A shimfiɗa siririn tiyo mai ɗigo a kai. A Alamar da faɗin ya ƙaru, wani ɓangaren a ƙasa kai tsaye ake shukawa bayan an ƙosar da ita da taki, amma tsarin fangalin bai canza ba.

Zuciyar lambun tana wani gefe da baƙo zai iya wucewa bai kula ba, ƙarƙashin inuwa, inda aka jera dogayen kwamaye na siminti. A nan ake kiwon tana. Wata jar tana ce 'yar ƙarama mai cin tsiya. A zuba kashin shanu da ya huce, kauri kamar faɗin tafin hannu, a yayyafa ruwa ya yi damshi ba tare da ya jiƙe sharkaf ba. Tanar ta cinye ta kasayar, ta hau sama neman sabo, a ƙara wani. Haka ake yi har kwamin ya cika. Ranar kwasa sai a shimfiɗa raga a kai a zuba sabon kashi, tanar duk ta haura ta ragar, a ɗage ta a kai wani kwamin. Abin da ya rage a ƙasa baƙi ne wuluk, laushi kamar garin shayi, ba wari. Da shi ake rainon dashe a faranti masu ramuka, da shi ake ƙara wa fangali ƙarfi bayan kowane girbi. Shanun da ke lambun ma, ba don nama ko nono aka fi ajiye su ba, don kashinsu ne.

Yaƙi da ƙwari kuma ya fi kama da dabarar tsohon manomi da aka sa mata ilimin boko. Ba a cika fangali da abu ɗaya: latas a tsakiya, ganyen albasa a gefe. A bakin kowane fangali akwai ɗoɗɗoya da wata fure mai ruwan ɗorawa da ƙarfin wari, don su rikita ƙwaro. A kewaye a shuka layin masara ko dawa, su zama katanga, su kuma zama masaukin ƙwarin da ke cin 'yan'uwansu. Ana rataye faranti masu launin rawaya da shuɗi da aka shafa wa maiƙo, ƙudan da ya sauka ya maƙale. In abin ya yi yawa a yi feshi da jiƙon ragowar ganyen taba, ko da ruwan 'ya'yan darbejiya. E, darbejiyar nan dai da ke ƙofar gidan kowa daga Sakkwato zuwa Damagaram, wadda muke share 'ya'yanta mu zubar, a can dasa ta aka yi da gayya saboda wannan aikin.

Sai dai kada a ɗauka duk hikimar gargajiya ce. Kyuba ƙasa ce mai yawan masana kimiyya in aka kwatanta da yawan jama'arta, kuma tun kafin wahalar sun riga sun fara bincike a kan yaƙar ƙwari da halittu. Da maganin kanti ya yanke, sai aka baza ƙananan ɗakunan gwaji sama da 200 a faɗin ƙasar, inda ake hayayyafa wasu ƙananan zanzaro masu sa ƙwai cikin ƙwan tsutsa, da ƙwayoyin halitta masu kashe ƙwari ko hana saiwa ruɓewa, a sayar wa manoma da araha. Mai lambu a Alamar yana da likitan shuka a kusa da shi. Ita ma ƙungiyar ta samu tallafin kayan aiki daga wata ƙungiyar agaji ta Jamus, Welthungerhilfe. Masu cewa "ai da hannu kawai suka yi" suna tsallake wannan.

Abin da ya riƙe mutane a lambun kuwa, kuɗi ne. A ƙasar da albashin ma'aikacin gwamnati ya daɗe yana yawo a wajen dala 20 a wata, ɗan ƙungiyar Alamar kan tashi da ninki biyu na haka ko fiye. Bayan albashi, ana raba wani kaso na ribar duk mako biyu, wanda ya fi daɗewa ya fi samu. 'Yan ƙungiya ne ke zaɓen shugabanninsu, kuma ana baje lissafin shiga da fita kowa ya gani. Awa bakwai ake aiki, a rage lokacin zafi. Akwai abincin rana, akwai rance ba ruwa, har da aski kyauta. Da yawa daga cikin ma'aikatan dattawa ne da suka yi ritaya daga wasu ayyuka, fanshonsu ba ya kai su ko'ina, ga lambu a bayan gida ba sai sun nemi mota ba. Aikin gona a Kyuba yana ɗauke da tabon bauta da yankan rake, ba wanda ke so ɗansa ya yi shi. Ba wa'azi ne ya goge tabon a Alamar ba, aljihu ne.

Mafi yawan amfanin a rumfar bakin titi yake ƙarewa, a farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa. Latas ɗin da aka tuge da asuba, kafin hantsi yana cikin jakar wata tsohuwa da ta sauko daga hawa na huɗu. Ba mota, ba firji, ba dillali. Wani kaso kuma ana kai wa makarantu da asibitoci. Abin da ya nuna ya rasa mai saye a mayar da shi tumatirin kwalba, ko a busar a daka ya zama kayan ƙamshi. Suna matse rake su sayar da ruwansa, suna sayar da furanni da ganyen magani, har da ganyayen da mabiya addinin gargajiyar nan mai asali daga ƙasar Yarbawa ke nema don hidimominsu. Ɗan kasuwa dai ba ya raina ciniki.

Lambunan sun kuma sauya bakin mutane. Abincin ɗan Kyuba shinkafa da wake ne, da naman alade in an samu, da rogo, dankali, gwaza da agade. Ganye bai dame shi ba, wasu ma kallon abincin zomo suke masa. Samun sa a ƙofar gida da araha ya sa ya shiga kwanon talaka. A 1999 ƙungiyar masanan da suka jagoranci wannan salon noma ta karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin. Shi kansa Fidel, bayan ya sauka daga mulki, ya ƙare yana yi wa 'yan ƙasarsa tallar zogale a rubuce-rubucensa na 2012, abin da kowace uwar gida a Katsina za ta yi murmushi in ta ji.

To, yanzu a ɗauko alƙalami. Tan 300 a shekara, a raba wa mutum dubu 100 na Alamar, kowa ya tashi da kilo 3. A shekara fa, ba a wata ba. Bai kai giram 10 a rana ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya giram 400 na ganye da 'ya'yan itace take so mutum ya ci kullum. Gaskiya ne ba shi kaɗai ne lambu a unguwar ba, don haka a ɗauki birnin gaba ɗaya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoton cewa mutum wajen dubu 90 ke wani nau'in noma a Habana, kuma a 2012 sun fitar da tan dubu 63 na kayan lambu. A raba wa mazauna birnin, mutum miliyan 2 da ɗoriya a lokacin, ya kama kilo 30 a shekara, kimanin giram 80 a rana. Ba abin rainawa ba ne ko kaɗan, birane nawa ne a duniya za su iya nuna haka? Amma ya yi nisa da zancen da ake yaɗawa cewa Habana ta ciyar da kanta.

Ko da an ninka wannan sau biyar, akwai abin da latas ba zai yi ba. Giram 100 na latas kalori 15 ne. Giram 100 na ɗanyar shinkafa ya haura 350. Lambu yana ba da bitamin, yana ba da ɗanɗano, yana ba da aikin yi da kuɗin cefane. Miya ke nan. Tuwon kuwa, wato shinkafa da alkama da masara da mai da madara, daga manyan gonaki yake fitowa, kuma a nan ne Kyuba ta kasa. Har yau jami'an ƙasar da kansu suna cewa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na abincin da ake ci shigo da shi ake yi. Shinkafa daga Biyetnam, cinyoyin kaji daskararru daga Amurka ɗin da ta sa takunkumin, tun da wata dokarta ta 2000 ta halatta sayar wa Kyuba abinci in za ta biya kuɗi hannu.

Me ya hana abin da ya yi aiki a hekta 11 ya yi aiki a hekta miliyan? Wani ɓangaren yanayin aikin ne: fangali yana cin hannu da taki mai yawa, ba za a noma shinkafar ƙasa guda da kashin tana ba. Wani ɓangaren kuma na ga laifin tsari ne. Mai lambun birni yana miƙa wa mai saye kaya ya karɓi kuɗinsa nan take. Manomin karkara kuwa dole ya sayar da mafi yawan amfaninsa ga hukumar saye ta gwamnati a farashin da ta yanka, ta zo ɗauka a makare ko ta ƙi zuwa, ta biya bayan watanni. An sha ba da labarin tumatir da mangwaro suna ruɓewa a bakin gona ana jiran mota. 'Yancin da aka ba Alamar, ba a ba shi ba. Sannan da man Benezuwela ya fara shigowa da rangwame daga shekarar 2000, matsin ya sassauta, sai hankalin hukuma ya koma kan sayo abinci daga waje.

Gonakin raken da aka bari kuwa, wani ƙaya ya mamaye su. Can suna ce masa marabu. Ɗunɗu ne, wannan dai na dajinmu, an kai shi tsibirin daga Afirka a ƙarni na 19, ya samu wurin da babu abin da ke cin sa, ya rufe fiye da hekta miliyan ɗaya. Raul Kastro, ƙanin Fidel da ya gaje shi a mulki, ya yi ƙorafi a kansa a bainar jama'a a 2007, a 2008 kuma ya sa hannu a dokar ba wa duk mai so aron gonar da ke zaune. Mutane da yawa sun karɓa, suka tarar sai sun yi shekara suna saran ƙaya da adda, ba tarakta, ba waya ta shinge, ba rance. Wasu suka gane gawayin ɗunɗu ya fi abin da za su shuka kuɗi. A watan Janairun 2017, kaya na farko da Kyuba ta sayar wa Amurka bisa doka cikin fiye da shekara 50, gawayin ɗunɗu ne, tan 40.

Daga 2020 zuwa yau wahalar ta dawo, wasu na cewa ta fi ta farko. Annobar korona ta kashe yawon buɗe ido, garambawul ɗin kuɗi na 2021 ya haifar da tsadar da ta cinye albashi, mutum sama da miliyan ɗaya sun bar ƙasar, yawancinsu matasa masu ƙarfin riƙe fartanya. Sukarin da ya kai tan miliyan 8 yanzu ko rabin miliyan ba ya kaiwa. Famfon ban-ruwa da lantarki yake aiki, lantarkin kuma ya kan ɗauke na sa'o'i masu yawa, a watan Oktoba na 2024 ma tsibirin gaba ɗaya ya kwana cikin duhu. A farkon shekarar ne aka bayyana cewa gwamnati ta nemi Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta taimaka mata da madarar gari ta yara 'yan ƙasa da shekara bakwai. A watan Satumba kuma, ɗan burodin da kowane ɗan ƙasa ke karɓa kullum da katin rabon abinci, katin da ake amfani da shi tun 1962, aka rage shi daga giram 80 zuwa 60, saboda ƙarancin garin alkama.